Gayaunar da Ban Rubuta Ba

Na san labari biyu kuke da shi a kan yadda na bar aikin ruwa. Na kawunku Sale shi ne na tsoma baki a abin da ya fi ƙarfina, aka sallame ni. Na mahaifiyarku kuwa, wanda take ba ku in ba na gida, shi ne na tsaya na ja da gwamnati saboda talakawa. Kowannensu yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba haka abin ya faru ba, ko in ce ba haka nake tuna shi ba. Zan faɗa muku iya abin da na gani da idona, inda kuma ji kawai na yi zan ce ji na yi.

A lokacin na haura hamsin, na daɗe ina malamin gona tsakanin Kura da Bunkure. Ku kun tashi kun tarar da ruwa yana gudu tsakiyar rani, ba ku ɗauke shi komai ba. Ni na san ƙasar nan kafin ruwan Tiga ya iso, lokacin da in an gama girbi maza sukan watse cin rani, gari ya rage tsofaffi da awaki. Har yau in na tsaya kan gadar babban kanal na ga alkama da tumatir kore shar har iyakar gani, a watan da ko ciyawa bai kamata ta rayu ba, sai mamaki ya kama ni. To, da shekaru suka ja, kanal-kanal ɗin suka cika da laka da ciyawar kachalla, ruwa ya daina kai wa na ƙarshe. Gwamnati ta karɓo rance daga wani babban bankin raya ƙasashe, irin wanda gwamnatocin duniya suka haɗu suka mallaka, don a yi gyara. Aka buɗe ofishin aikin, aka ɗauke ni a matsayin mai tuntuɓar jama'a, saboda ina da digiri, kuma dagatai sun san fuskata.

Bankin yana da wata ƙa'ida da ta ba ni mamaki tun ranar da na karanta ta. Kafin katafila ta taɓa ƙasa, sai an bi an rubuta duk mutumin da aikin zai shafa, ko da bishiya ɗaya ce tasa, an ji ta bakinsa. Ni ban taɓa ganin an tambayi talaka kafin a ratsa gonarsa ba. Na ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai, wataƙila ma fiye da kima, don nakan sake ƙirga abu sau uku kafin in sa hannu.

Cikin wuraren da aka tura ni akwai wata unguwa a ƙasar Bunkure, zan kira ta Gidan Barde, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Mutanenta manoma ne da suka riƙe al'adun kakanni, wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, wasu suna nan yadda suka gada. Gefen unguwar akwai wata doguwar magudana mai kwashe ragowar ruwan da ya fito daga gonaki. Tsarin aikin shi ne a yashe ta, a zuba ƙasar a gaɓarta ta gabas, a daddale a yi hanyar mota. Na je da damina, gaɓar ta cika da ruwa da ciyawa har ƙugu. Na zauna da masu gida a gindin wata tsamiya, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai gona a bakin magudana. Kowa ya ce ba shi da ita. Na sake tambaya, don halina ne. Suka sake cewa babu. Na rubuta cewa babu mai noma a gaɓar gabas, na sa hannu, takarda ta wuce Kano, ta wuce Abuja, ta ƙetare teku.

Ba wanda ya yi mini ƙarya. A gidajen nan, idan aka kawo amarya, akan yankar mata ɗan fili nata na kanta, gayauna, ta noma abin da take so, ta sayar, ba ruwan miji. Namiji ba ya lissafa gayaunar matarsa cikin gonakinsa, abin kunya ne ma a ji ya ce tasa ce. Ni kuwa maza na tambaya, kuma gonarsu na tambaye su. Na san kalmar gayauna, na taɓa rubuta ta a jarrabawa ma. Amma na taso a cikin garin Kura, inda iyayenmu mata suke cikin gida suna turara shinkafa, sai tunanina bai kai can ba.

Da rani ya shiga na koma tare da masu awo za a kafa turaku. Muna karya kwana na ga gaɓar nan da na rubuta babu kowa ta zama fala-falan albasa da attaruhu da yakuwa, mata sun duƙa suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna watsawa. Wata tsohuwa ta miƙe daga cikin albasa, doguwa, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani. Inna Kande ake ce mata, ita ce babba a cikin matan. Ta dubi jan turken da aka kafa tsakiyar falarta, ta dube ni.

"Kai ne mai takardar nan da ya zo da damina ya shanye mana kunu?"

"Ni ne, Inna. Barka da aiki."

"Barka kadai. Wannan sandar fa, shuka ce? Me take haifa?"

Matan suka fashe da dariya. Na yi mata bayanin hanya, ina in'ina. Ta saurara har na gama.

"To da ka zo ƙirgar mutane, mu awaki ka ɗauke mu?"

"Na tambayi masu gida, Inna."

"Ka tambayi maigidana, Barde, gonata? Barde ko hanyar nan bai sani ba, sai in albasa ta shiga miya."

Washegari na shiga wurin shugaban aikinmu. Injiniya ne ƙwararre, ba na so ku ɗauke shi mugu, don ba mugu ba ne. Daga sama ake matsa masa a gama kafin a zo buɗewa, waɗanda ke saman kuwa ba su saba a tambaye su dalili ba. Na ce masa na yi kuskure a rahoto, ina neman a gyara. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam Nasiru, ka san me gyaran layi ɗaya zai jawo? A dakatar da sashen nan, a sake awo, a sake zane. Mu rasa rani guda."

"Ranka ya daɗe, ƙa'idar bankin ce ta ce..."

"Bankin! Kana tsammani su kaɗai ke ba da kuɗi a duniya? Akwai waɗanda za su ba mu gobe, ba su tambayi ko kaza ba. Su kansu bankin sun san da haka, shi ya sa suke sassautawa. A cikin masu zama a majalisarsu akwai ƙasashen da ba a taɓa jefa ƙuri'a ba. Kana jin waɗannan sun damu da albasar tsohuwa? Je ka, za a ɗan ba su wani abu daga baya."

Ban san iya gaskiyar abin da ya faɗa game da majalisar bankin ba, a lokacin dai. Na ce to, na fita. Ina so ku lura da wannan, na ce to.

A ɗakin ajiyar ofis akwai wani ƙunshin takardun mannawa da bankin ya aiko tun farkon aiki, an buga su da Hausa, har igiyar ɗaurinsu ba a kwance ba. Na san abin da ke ciki domin ni na karɓe su. Sun ce duk wanda aikin ya cutar, ko mutum biyu ne, yana iya rubutawa kai tsaye zuwa wani ofishi na musamman a bankin, wanda ba ya ƙarƙashin masu ba da rancen, kuma ba sai ya bi ta hannun gwamnati ba. Na zari guda ɗaya na ninke na sa a aljihun riga. Kwana tara tana aljihuna. Abinci ya daina shiga. Wata safiya mahaifiyarku ta ajiye mini koko da ƙosai, ta ga na tura gefe.

"Malam, wai takardar nan da kake ta shafawa a aljihu, ta aure ce?"

Na ba ta labari duka. Ta saurara tana juya ludayi.

"Yanzu kai tsoron me kake ji?"

"Aikin nan shi ke riƙe da karatun Amina da Sadiku. In aka gane ni ne..."

"Za a gane mana. Kai da ko gyaɗa ka ci a hanya sai ka dawo ka faɗa."

"To me zan yi, Binta?"

"Ni ban ce ka yi komai ba. Amma hannunka ne ya goge su. In ka bar shi haka, da wannan fuskar za mu zauna har tsufa, ni kuwa ba zan iya ba."

Kawunku Sale ya shigo ana cikin haka, ya ji ƙarshen zancen. Ya ce shi a kasuwar shinkafa ya koyi cewa mai gwamnati ba a nuna masa kuskurensa, gaishe shi ake yi. Ya ce takardar Turawa ado ce, ana buga ta ne don a ɗauki hoto. Gaskiya ni ma rabin zuciyata abin da take faɗa ke nan. Da na ɗauki babur na nufi Gidan Barde ranar Asabar, ban tafi da imanin wani abu zai faru ba. Na tafi ne don in sauke abin da ke aljihuna.

Na karanta wa Inna Kande takardar sau biyu. Ta sa aka kira 'yarta Talatu, malamar firamare, mai 'ya'ya huɗu, ita ta rubuta wasiƙar a takardar littafin makaranta. Ban sa musu kalma ko ɗaya ba. Inna Kande ce ta faɗa, Talatu ta rubuta: sunan kowace mace, abin da ta shuka, da wadda ta gada a wurinta. Suka dangwala yatsa da tawadar biro, Talatu ta ɗauki hoton takardar da waya ta aika adireshin da ke jikin takardar bankin. Inna Kande ta tambaye ni garin da za ta je yana da nisa kamar Legas. Na ce ya fi. Ta ce to Allah Ya kai ta, ta koma ban ruwa.

Mako ya bi mako ba labari. Katafila ta iso, ta fara daga kan magudana, ta binne fala uku na farko da baƙar laka, albasa ta kusa cira. Na tsaya daga nesa ina kallo, na kasa zuwa in yi musu jaje. Sannan wata Talata da hantsi, direban katafilar ya amsa waya, ya kashe inji, ya sauko ya zauna a inuwa. Ina wurin. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ƙarfen nan da ya fi ɗakinmu girma ya tsaya cak da cokalinsa a sama, laka tana ɗiga, saboda wata takardar littafin makaranta mai shatin yatsun mata. Na yi ta maimaita salati a zuciyata. Shekara hamsin ina ganin abu yana saukowa daga sama zuwa ƙasa, ranar ce na fara ganin abu ya tashi daga ƙasa ya hau, har ya taɓa wani.

Bayan kamar wata guda aka ce masu bincike za su zo daga bankin. Ana gobe za su iso shugaba ya kira ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ofis ya tsaya a kan cewa matan sun fara shuka a wurin ne bayan sun ji za a biya diyya, kuma rahotona ne shaida, tunda na je na ga babu kowa. Ya ce ba a neman in yi ƙarya, in dai tsaya a kan abin da na rubuta. Ya kuma tuna mini cewa watan gobe ake sabunta kwantiragi.

Wadda ta jagoranci binciken wata 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba Baturiya ba, daga wata ƙasa ta gabas da ba zan ambata ba. Ta zo da tafintanta, ba ta yarda da namu ba. An shirya kujeru da rumfa a ƙofar dagaci, ta ce a kai ta bakin magudana. Ta cire takalmi ta zauna a tabarmar da Inna Kande ta shimfiɗa. Shugaba ya yi bayaninsa tsaf, ya ɗaga rahotona ya nuna. Aka fassara wa Inna Kande. Ta tashi ta kama hannun baƙuwar, kamar yadda ake kama hannun jika, ta ja ta zuwa iyakar falarta. A nan akwai jerin zogale, don da shi matan ke raba iyaka, kowace amarya takan dasa nata a shekarar da aka ba ta wuri. Ta ɗora tafin baƙuwar a kan wani kututture da aka sha sarewa yana sake tohowa, kaurinsa ya kai cinyar babban mutum.

"Gaya mata wannan ni na dasa, ina da cikin Talatu. Ga Talatun can, ga 'ya'yanta. In jiya na dasa shi don kuɗinsu, to ta ba ni irin takin, in sayar in huta."

Tafinta ya fassara yana danne dariya. Baƙuwar ba ta yi dariya ba. Ta bi jerin zogalen nan ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, har ƙarshen gaɓa, ta dawo. Sannan ta buɗe rahoton ta karanta sunana, ta tambaya ko mai wannan suna yana nan.

Ina so in ce muku na miƙe da ƙarfin zuciya, amma sai da na dafa kafaɗar wani. Ta tambaye ni ko na tsaya a kan abin da na rubuta. Na dubi shugaba, yana duban ƙasa. Na fara da Turanci, sai na ga matan ba za su ji ba, na koma Hausa na bar tafinta ya yi aikinsa.

"Abin da na rubuta ba daidai ba ne. Da damina na zo, ruwa ya rufe wurin. Maza kaɗai na tambaya, ban tambayi mace ko ɗaya ba. Gonakin nan sun girmi aikina. Kuskuren nawa ne."

Inna Kande ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ashe mai takarda yana da baki."

Da za su tafi, baƙuwar ta kira ni gefen mota. Abin da zan faɗa yanzu da Turancinta da nawa muka yi shi, mai yiwuwa ban kama kowace kalma ba. Na tambaye ta ko gaskiya ne akwai masu son a rufe ofishinsu. Ta ce ba rufewa suke nema ba, sun fi haka wayo. Duk lokacin da aka zauna sabunta ƙa'idoji, wakilan wasu gwamnatoci sukan nemi a ce sai mai kuka ya fara bi ta hannun gwamnatinsa, ko a rage kwanakin da ake karɓar kuka, wasu kuma su ƙi. Ta ce har gwamnatin ƙasarta tana cikin masu neman a rage. Na ce to ita fa? Ta ce mahaifiyarta manomiya ce, an taɓa tashin ƙauyensu saboda madatsar ruwa, kuma a can ƙasarsu da mahaifiyar tata ta rubuta irin wannan wasiƙa, da ba ta kwana a gida ba. Ta ce in ana gardama a majalisar, abin da kawai suke iya ajiyewa a kan tebur shi ne wasiƙu irin ta Talatu, don a ga ana amfani da ƙofar kai kukan.

Na koma gida a kan babur ina jin kaina ƙarami ƙwarai. Ban taɓa sanin cewa gardamar da manyan duniya ke yi a wani ɗaki mai sanyi tana da igiya da ta iso har bakin magudanar Gidan Barde ba, balle a ce ana iya jan igiyar daga wannan gefen.

Ba a sabunta kwantiragina ba. Ba a ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Amina, shekarar da kika zauna a gida ba ki koma makaranta ba, kika riƙa taya mahaifiyarki turara shinkafa, wannan ne dalili, kuma ban taɓa neman afuwarki da baki ba. Ina nema yanzu. Ba zan ce muku abin da na yi ya isa ya biya wannan shekarar ba, ban sani ba. Fala ukun da aka binne ba su dawo ba, an ba masu su wani wuri da bai kai nasu kyau ba. Manoman ƙarshen kanal kuma sun yi rani guda suna jiran ruwa saboda jinkirin, wasunsu har yau ba sa amsa sallamata da sakin fuska, kuma ina ganin suna da hujja.

Sauran gayaunar kuwa tana nan. An sake zane, aka ɗauke hanyar daga gaɓar gabas, ta ƙetara ta wani ɗan kwalbati ta bi yamma, sannan ta dawo. Bara na shiga motar haya zuwa wani ɗaurin aure ta wannan hanya. Da muka iso wurin direba ya taka birki, ya murza sitiyari da ƙarfi, buhunan da ke sama suka karkata.

"Wai wane injiniyan banza ne ya lanƙwasa hanya a fili fetal haka?"

Fasinjoji suka taya shi, kowa da irin zagin da ya ga ya dace. Ina kujerar baya, a matse tsakanin wani mai kaji da taga. Ta tagar na hango zogale a jere, da wata yarinya amarya, da lalle a ƙafarta, ta duƙa tana dasa nata a ƙarshen layi. Na roƙi direba ya ɗan rage gudu.